Inda na kai tsofaffin hotunan Surame

A cikin garin Sakkwato akwai wani ɗan shagon hoto mai ƙofa ɗaya, a jerin masu buga katin biki da masu gyaran waya. Fasfo da hotunan suna da na walimar saukar karatu su ne cinikinsa na kullum. Sai dai mai shagon ya ƙara wani aiki da ba kowa ke yi ba a garin nan: yana karɓar tsofaffin hotuna da dodon hoto, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa, ya yi musu sikanin su shiga kwamfuta, wanda kake so kuma ya sake buga maka shi a sabon kati. Ba zan kama sunan shagon ba, domin bayanina yabo ne mai yawa da ƙorafi guda mai nauyi, kuma ba na son ƙorafin ya riƙa bin mutumin da ya riga ya gyara ɓarnar da kuɗin aljihunsa. Aikinsu yana da kyau, kuɗinsu bai yi tsanani ba, har yanzu kuma ina kai musu kayana. Amma duk wanda zai miƙa musu hoton da yake ajiye da shi don shaida, to ya faɗa musu ƙarara tun kafin ya saki ambulan ɗin cewa ba ya son a yi wa hotonsa kwalliya.

Hotunan Surame na kai musu. Tun 1979, shekarar da na sayi wata Yashica ta hannu a wurin wani malaminmu na kwalejin horon malamai, nake ɗaukar ganuwar kufan nan. Kayan sun taru a akwatin ƙarfe: albam irin na da masu shafin danƙo, ambulan na masu wankin hoto da dodon kowane fim a ciki, da katunan da ba su sami albam ba na ɗaure su da zare. Daminar bara na buɗe akwatin na tarar gara ta shigo ta ƙasa ta ci gefen wasu ambulan, wasu katunan sun manne da juna saboda laima, masu kala na shekarun 1980 kuwa duk sun koma ja-ja. Ɗiyata ce ta ba ni labarin shagon, a can ta kai hoton auren kakarta.

Na san da yawa daga masu karanta wannan ba su taɓa taka Surame ba, wasu ma ko sunan ba su ji ba, alhali ba ta da nisa da Sakkwato. Tana yamma da birni, cikin ƙasar Binji, daf da Silame, a tudun da ke kallon fadamar Gulbin Kabi. Ita ce babban birnin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi. Kanta yana cikin manyan mayaƙan da suka bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas. Da aka dawo rigima ta tashi a kan rabon ganima, sai ya ɓalle wajajen 1516, Songhai ta turo masa runduna ya kore ta. A shekarun 1530 wani Askiyan ya sake gwadawa, shi ma ya koma da kashinsa a hannu. Kanta ya gwabza da Barno, ya gina Gungu da Leka, amma Surame ce mazauninsa. Ta riƙe sarautar Kabi kusan shekara 200, sai a farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya tashi ya koma Birnin Kabi. Daga nan birnin ya zama kufai. Muhammadu Bello ɗan Shehu, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, ya rubuta cewa kufan biranen Kabi sun fi duk waɗanda ya taɓa gani, duk da a lokacinsa sun kai wajen shekara 100 da fashewa. Wannan kuwa shaida ce daga ɓangaren da ya ci Birnin Kabi da yaƙi a 1805.

Abin da ya bambanta Surame da sauran biranenmu shi ne dutse. Badalar Kano da ganuwar Katsina da ta Zariya ginin ƙasa ne. Ta Surame marmara ce, ja mai duhu, wani wurin har ta yi baƙi, an jera ta sahu-sahu an cike tsakani da laka. Ganuwa ce cikin ganuwa, da gwalalo a bayanta, faɗin wurin ya kai murabba'in kilomita 9. Tsofaffi suna cewa ƙasashen da Kanta ya ci ne suka yi ginin, kowacce da yankinta. Suna cewa Abzinawa a kan raƙuma suka riƙa ɗauko ruwan kwaɓi daga nesa, Nufawa kuma da suka makara aka ce da man kaɗanya za su kwaɓa tasu lakar. Haka na ji daga bakin kawuna, wanda ya fara kai ni wurin ina ɗan shekara tara ko goma, muna hanyar fadama da jaki. Ya tsaya ya ɗora tafin hannuna a kan dutsen ya ce in ji, wannan aikin kakanninmu ne. Ya kuma ce ba a kai magariba a ciki, har yau ban taɓa kaiwa ba. Gwamnatin tarayya ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka sa shi a jerin wuraren da Najeriya ke nema wa shiga kundin wuraren tarihin duniya na hukumar UNESCO, inda Sukur ta jihar Adamawa ta shiga a 1999, kurmin Osun na Osogbo a 2005. Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, Argungu da Birnin Kabi suka tafi can, kufan Kanta ya tsaya a jihar Sakkwato. Jikoki suna jiha guda, gidan kaka yana wata.

Na yi wannan dogon bayani ne don a fahimci irin kayan da na ɗora a teburin shagon. Ba hotunan ado ba ne. Yawancinsu babu mutum a ciki, sai dutse da sabara da geza da kuka, da wata sandar makiyaya da na yanke daidai mita guda nake jinginawa a jikin ganuwa kafin in ɗauka. Ina da wuraren tsayawa da ba na sakewa: gindin wata kuka, bakin wata ƙofa da ta rufta, wani lungu inda ganuwar ciki ta karya kwana. Duk zuwa sai na tsaya a nan na ɗauki abu guda daga wuri guda. Amfanin irin wannan hoto yana cikin a iya ƙirga sahun dutse a na bana a gwada da na shekara talatin baya. In sahun ya ɓace a hoton, hoton ya tashi aiki.

Ranar farko mai shagon, matashi ne da bai wuce sa'ar babban ɗana ba, bai yi gaggawar faɗin kuɗi ba. Ya share tebur, ya wanke hannu, ya sa safar hannu ta auduga, sannan ya ce, "Baba, buɗe mu gani." Dodon hoto ta gefe yake kama shi, yatsa ba ya taɓa tsakiya. Ya riƙa kai kowane ambulan hanci. Na tambaye shi dalili, ya ce tsohon fim in ya fara ruɓewa tsami yake yi kamar ruwan kal, kuma mai tsamin yana harbin na kusa da shi, don haka a ware shi a fara da shi. Ya sami biyu masu tsami ya ajiye su daban. Katunan da suka manne ya ce ba zai ɓamɓare su da ƙarfi ba. "Waɗanga in munka ja su, huskar hoton za ta biyo. In akwai dodonsu, mu bi ta can." Ya kawo littafi ya rubuta yawan abin da ke cikin kowane ambulan, ya sa lamba, ni da shi muka sa hannu, ya yago mini kwafi. A garin da ake karɓar kayan mutum da "Allah ya kai mu jibi" kawai, wannan littafin ya kwantar mini da hankali ƙwarai.

Ya kuma yi mini bayanin da ya sa na gane ya san sana'arsa. Kati, in ji shi, kwafi ne, dodon shi ne asali. Ƙaramin katin da aka wanke a 1985 ya riga ya zubar da rabin abin da fim ɗin ya kama, ga kuma kalar ta gudu, domin rinin shuɗi ne ke fara kodewa ya bar ja. Dodon fim na milimita 35 kuwa, duk da bai wuce milimita 24 a 36 ba, in aka yi masa sikanin a ɗigo 2,400 cikin kowane inci yana ba da hoto mai ɗigo wajen miliyan 8, wanda ya isa a buga shi babba. Kati kuma ɗigo 600 ya ishe shi, ƙari a kan haka nauyi ne kawai a kwamfuta. Don haka duk inda dodo yake da rai, shi za a bi. Injinsa Epson ne mai fitila a murfi, da 'yan faifan roba da ake jera fim a ciki. Yana da dabarar gano ƙura da wani haske na daban ya share ta, amma ya ce a fim mai kala kaɗai take aiki, baƙi-da-fari sai an bi shi da ɗan famfon iska da buroshi mai laushi. Wanda ya san ƙurar Sakkwato a watan Janairu ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Injin kullum a rufe yake da farin ƙyalle, ƙofar shagon ma ta gilashi ce, ba a barinta a buɗe.

Kuɗin da na biya: naira 200 kowane kati, naira 400 kowane ɗan gidan fim, da ragi in kayan suna da yawa. Buga babban hoto mai inci 8 a 12 naira 2,500. Kai za ka kawo filasharka, ko ka saya a wurinsu.

Yanzu ga ƙorafin. Kashin farko da na bari, mai shagon ya yi tafiya ɗaukar wani biki, ya bar wa yaron shagonsa ƙarasawa. Da na zo karɓa yaron ya tarbe ni da fara'a, ya juyo mini fuskar kwamfutar yana jiran yabo. Hotunan sun yi fes, sun yi ƙyalli, gabana kuwa ya faɗi. Sararin sama da na sani fari fat da hazon hunturu ya koma shuɗi. Busasshiyar ciyawa ta yi kore-kore. Ganuwar kuma, wadda saboda ita aka yi komai, ta zama sumul, sahun dutsen ya narke cikin juna kamar an yaɓe bango da siminti. A wani wurin an ƙirƙiro layukan dutse inda ni na san rami ne da tushen geza. Mafi ciwo shi ne hoton kawuna na 1981, yana tsaye a jikin ganuwar ciki. Fuskarsa a asali ƙarama ce, ba ta fita sosai ba, amma duk ɗan gidanmu yana gane shi. A sabon an ba shi idanu da hanci tsaf-tsaf na wani mutum da ban taɓa gani ba, an kuma share masa tsagar Kabanci da ke kumatunsa.

Na ce wa yaron, "Ɗana, me ka yi musu?" Ya ce, "Baba, gyara su niy yi. Kowa haka yaka so." Ya nuna mini wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da suke sa hotunan biki a ciki. Ban ga laifinsa sosai ba, gaskiya ya faɗa. Masu kawo hoton iyayensu so suke ya fito tas a sa a firam. Amma irin wannan manhaja ba ta tono abin da ke ɓoye a hoto. Kintace take yi. Ta ga dubban fuskoki da dubban bangwaye, in ta sami wuri mai duhu-duhu sai ta cike shi da abin da ya saba zama a irin wurin. Ba ta taɓa ganin marmarar Surame ba, ba ta san tsagar Kabawa ba, sai ta ɗauke su datti ta goge. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hoton bai yi kama da na ƙarya ba. Da na mutu jikokina suka buɗe filashar nan, cewa za su yi haka ganuwar take, haka kakansu yake. Da wani ɗalibin jami'a ya nemi hotunan don bincike, da ya ƙirga sahun da babu shi.

Da mai shagon ya dawo na faɗa masa, na kuma shirya jin gardama. Bai yi ba. Ya ɗauko dodon hoton kawuna ya ɗaga shi ga fitila, ya kalli na kwamfutar, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Laihinmu na, Baba. Ban hwaɗa mai ba." Yaron bai ajiye na asalin ba, ya ɗora gyararren a kansa, don haka sai da aka sake sikanin kashin gaba ɗaya. Bai karɓi ko kwabo a kai ba, bai kuma ci mutuncin yaron a gabana ba. Zaunar da shi ya yi ya sa ni in nuna masa sandar mita guda da yadda nake ƙirga sahu, har yaron ya fara ƙirgawa da kansa. Daga ranar suka sa doka, na kuma ga sun rubuta ta a kwali sun manna: kowane hoto ana ajiye na asali yadda ya fito daga inji, a babban fayil irin wanda ake kira TIFF, mai riƙe hoto ba tare da ya rage komai ba, ba a taɓa shi. Wanda ke son gyara a yi masa a kwafi na biyu, a jaka daban.

Ba gyara nake ƙi gaba ɗaya ba. Akwai wanda na yarda da shi, na kuma ji daɗinsa. Hotunan da suka koma ja, mai shagon ya zauna tare da ni yana rage jan a hankali yana tambaya, "Nan ya yi? Haka dutsen yake?" har muka sami kalar marmarar da idona ya sani. Wannan mayar da abin da ya gudu ne, kuma da shaidar wanda ya ga wurin aka yi. Inda gara ta ci kati kuwa na ce a bar cin garar. Ya so ya cike, na ce ba mu san abin da ke wurin ba, a bar shi fari. Ya bari.

Da aikin ya dawo daidai, na ga abin da ban taɓa iya gani ba tsawon shekarun nan, saboda katunan ƙanana ne kuma a warwatse suke. Ya jera mini hotunan lungun kwana a fuska guda, daga na farkon shekarun 1980 zuwa na ƙarshe da na ɗauka da waya, ya daidaita girmansu da tsawon sandar. A na 1981 ganuwar ta kai ƙirjin kawuna, dogon mutum ne kuwa. A na tsakiyar shekarun 1990 sahun sama sun tafi, duwatsun suna zube a gindi. A na baya-bayan nan ganuwar ba ta wuce rabin sandar da yawa ba, kuma duwatsun da ke zube a gindin ma babu su. Ruwan sama yana wanke laka dutse ya faɗo, wannan na sani. Saiwar itace tana shiga tsakani ta buɗa, shanu suna hawa su ture, wutar daji tana ƙone abin da ke riƙe ƙasa. Amma ruwa da shanu ba sa kwashe dutsen da ya faɗi. Hannu ne ke kwashewa, a kai shi tushen gini ko iyakar gona. Ba na zagin talakan da ya ga dutse a daji ya ɗauka, ba wanda ya taɓa zama ya gaya masa darajarsa. Sai dai ginin da ya tsaya shekara 500 ya rage haka a cikin rayuwar mutum ɗaya, ni kuma ina da shaidar a hannu. Akwai kukar da nake tsayawa a gindinta ta wajen ƙofar da ta rufta. Tana cikin hotuna har wajen 2003, daga nan sai kututture, daga nan sai fili.

Akwai kuma abin farin ciki. Wani yanki na ganuwar waje, inda ƙaya ta rufe shi har shanu ba sa iya kusanta, yana nan yadda na fara ganinsa, sahu bai ragu ba. A babban sikanin har ana ganin yadda maginan suka sa manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, suka cusa tsakuwa a ramukan tsakani. Shi na sa aka buga mini babba. Katin da suke bugawa a kai iri biyu ne, mai ƙyalli da marar ƙyalli. Ga dutse marar ƙyallin ya fi, ba ya mayar da hasken fitila, kaushin marmarar yana fitowa. Bugun farko ya ɗan yi duhu a inuwar gindin ganuwa, ya duba da kansa ya ce a sake. Na nemi a yi masa lamineshan saboda ƙura, ya hana ni. Ya ce zafin injin da danƙon robar suna cin hoto a hankali, kuma in an rufe ba a buɗewa. Firam mai gilashi ya ba ni shawara, a rataye inda rana ba ta bugu. Mai shagon da zai ƙi kuɗin da aka miƙo masa don kada kayan mutum ya lalace, ya cancanci a faɗi alherinsa.

Sauran kasawarsu ƙanana ne amma suna nan. Alkawarin rana ba ya cika. In sun ce sati, ka sa biyu, domin in aka ɗauke wuta sola ɗinsu ba ta ɗaukar injin sikanin da firinta tare, kuma duk mai fasfo da ya shigo ana tsayar da naka a sallame shi. Shagon matsattse ne, benci guda, dattijo ko mace mai goyo za su sha tsayuwa a lokacin cika. Ba su da ambulan na kirki da za a mayar da dodon hoto a ciki, a tsohon da gara ta taɓa suka so su mayar mini, sai da na sayo farar takarda muka naɗe kowane fim daban. Sunan fayil kuma lambobi ne kawai na inji. Ni na zauna da ɗiyata muka sake wa kowanne suna da shekara da wurin tsayawa, aikin da ya ci mana dare da yawa, wanda da sun tambaya tun farko da an yi shi a tafi ɗaya. Sannan yaron yana da saurin cewa zai turo ta WhatsApp. Kada ka yarda sai in a matsayin fayil zai turo, domin in an tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ɗigon da ka biya kuɗi a kai ya zube. Ka karɓa a filasha, ka kuma yi kwafi biyu, ɗaya a wani gida.

Tun da hotunan suka fara yawo a wayoyin 'yan'uwa, matasa suna tambayata yadda ake ɗaukar wurin. Lokacinsa bayan kaka ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ciyawa ta bushe ta kwanta. Da damina ganuwar ɓacewa take cikin kore. Ka isa da sassafe kafin hantsi, ko ka jira la'asar, lokacin da rana ke bugun dutse ta gefe kowane sahu ya yi inuwarsa. Da tsakar rana komai shafewa yake. Hazo kaɗan yana taimako, yana tausasa haske, mai yawa kuwa yana cinye nesa. Ka sa takalmi rufaffe, kada ka cusa hannu a ramin dutse, wurin kububuwa ne. Kada ka hau ganuwa don neman kusurwa mai kyau. Ka sa wani abu da aka san tsawonsa a cikin hoton, ka rubuta rana da inda ka tsaya. Wayoyin yanzu ma suna yin nasu gyaran tun a lokacin ɗauka, don haka ka shiga saitin kyamara ka kashe duk abin da ke ƙara kyau.

Kafin duk wannan akwai maganar tsaro. 'Yan shekarun nan yankin Tangaza da Gudu har zuwa Binji da Silame yana fama da 'yan bindiga, ciki har da waɗanda ake kira Lakurawa. Ni kaina, da na san hanyoyin wurin tun ina yaro, na daɗe ban shiga ba. Kada kowa ya karanta wannan ya hau babur ya nufi daji. A fara zuwa wurin hakimi ko mai gari, a ji ta bakin mutanen wurin, in sun ce a dakata a dakata. Wanda ke son ya fara sanin Kanta cikin kwanciyar hankali ya je gidan tarihin Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958, ya ga makamai da tambura da kayan sarautar Kabi.

Wannan halin ne ya sa nake roƙon duk wanda ke da tsohon hoton Surame ko Gungu ko Alƙalawa, ko na wata ƙofar gari da aka rushe, ya fito da shi daga akwati tun gara ba ta riga shi ba. Tsofaffin malamai, ma'aikatan gona da na gandun daji, waɗanda suka je yawon makaranta a shekarun 1970, na tabbata akwai irin kayan nan a gidajensu. In a Sakkwato kake, shagon nan zai yi maka. Ka tafi da dodon hoton in yana nan, ko da katin ya fi kyan gani. Ka nemi mai shagon da kansa, ka sa a rubuta kayanka a littafi, ka ce na asali kake so a jaka daban. Sauran fim ɗina na baƙi-da-fari, na shekarun farko, suna wurinsa yanzu. Ya ce sai hazo ya ɗaga zai taɓa su, saboda ƙurar da za a bi da hannu, na kuma yarda da wannan jinkirin.